Na'urar da aka ɓoye wa ruwan sama

Hamoda tun yana yaro a Gedambaliya an san shi da kunya. Ko shayi aka zuba masa babu sukari, shanyewa yake yi ya yi godiya. Iyayensa 'yan ƙwadagon gonakin dawa ne, shi kuwa Allah ya ba shi kan karatu, ya koyi aikin kwamfuta, ya dawo Gedaref ya auri Hajar, 'yar Alhaji Kassim na Ƙala'at an-Nahal. Ni maƙwabcinsa ne, kuma na sha gaya masa cewa kunyarsa ta wuce ta amarya.

Wata ƙungiyar manoma ce ta ɗauke shi aiki. Suna da taraktoci kaɗan, gonaki kuwa ba iyaka, saboda haka suka kafa na'urorin auna ruwan sama a ƙauyuka: inda ruwa ya fara wadata, can tarakta za ta fara zuwa. Shugabar aikin, Raniya, ta buɗe musu bulog, wato shafi a intanet inda kowa zai riƙa rubuta abin da ya yi, da abin da ya lalace, da wanda matsalar ke hannunsa. Da abin da aka rubuta a nan ake yanke shawara.

Na'urar Ƙala'at an-Nahal a gonar surukinsa Hamoda ya kafa ta, don a nan ba mai taɓa ta. Alhaji Kassim kuwa mutum ne mai riƙon amana. Da hadarin farko ya taso, sai ya ga bai kamata kayan mijin 'yarsa masu tsada su jiƙe a hannunsa ba. Ya bar farantin sola mai ba ta wuta a rana, ita kuwa na'urar ya shigar da ita rumfa, ya lulluɓe ta da buhu.

Hamoda ya je gaisuwa ya gan ta da idonsa. Ya durƙusa, ya tambayi lafiyar gida, ya sha kofi, ya kasa buɗe baki. Ina shi ina gaya wa suruki ya yi kuskure, mutumin da ko sunansa ba ya iya faɗa? Bayan tsohon ya tafi masallaci ya fitar da ita a ɓoye. Da yamma Alhaji ya mayar da ita rumfa, yana faɗan sakacin yaran gona. A bulog, Hamoda ya rubuta cewa na'urar tana aiki lafiya lau, yana cewa a ransa zuwa na gaba zai yi magana. Zuwan na gaba ma kofi ya sha.

Ruwa ya yi ta zuba, na'ura tana cewa ko ɗigo babu. Manoman can suka yi ta kiran ofis, ana ce musu kowane ƙauye haka yake faɗa don ya riga samun tarakta. Aka tura taraktocin zuwa wani ƙauye, Mafaza. Kafin su juyo, lokacin shukar riɗi ya wuce wa mutane da yawa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ba mugunta ce ta yi musu wannan ba.

Raniya ta gaji da ƙorafi ta je da kanta, ta yaye buhun a gaban manoma. Tsohon ya tsaya yana kallon maƙwabtansa, suna kallon ƙasa.

Washegari Alhaji ya zo Gedaref, abin da bai saba ba, ya shiga gidan Hamoda ina zaune. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaya ko Hamoda ya sani tun farko, Hamoda ya sunkuyar da kai.

"Ya waladi, ɗana," in ji shi, "kai kunyar magana ɗaya ka guje wa. Ni ka bar mini wadda zan riƙa shiga masallaci da ita."

A ranar Hamoda ya rubuta a bulog yadda abin ya faru, ya sa sunansa a matsayin mai laifi, bai ambaci kowa ba. Ba a kore shi ba. Yanzu rubutunsa ne aka fi yarda da shi, don ko waya ce ta tsinke sai ya faɗa. Sai dai da ya nemi a sake kafa na'urar a gonar surukinsa, Alhaji ya aiko Hajar ta gaya masa a kai ta wani wuri, shi ya daina karɓar ajiya.