Inna Dija, Warin Ya Dawo

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, da hantsi aka aiko cewa kin rasu, Inna Dija, bayan shekara talatin kina karɓar haihuwa a Gummi. Na yi niyyar zuwa wurinki ranar Alhamis.

Kowa yana faɗin jariran da kika karɓa. Ni aurena kika karɓa. Da na ɗauki cikin fari, mijina Sharu, wanda ni na zaɓe shi da kaina, ya zame mini abin gudu. In ya dawo daga fadama, warin jikinsa sai ya tayar mini da zuciya. Muryarsa ma ba na son ji. Danginsa suka ce an yi mana farraƙu, asirin raba ma'aurata. Ya sake ni, ya mayar da ni, ya ƙara sakina. Igiya ɗaya ta rage lokacin da kika sa aka kira shi.

Ban manta yadda kika harare shi ba. Kika ce, "Ba sammu na ba, Sharu. Sinadarin jiki na, shi ka hawa shi sauka. Ciki na juya ma mace hanci, shi juya mata abin da take so. Ka yi wanka, ka hanƙure." Ya yi dariyar kunya, ya mayar da ni, ya haƙura. Bayan suna da mako uku na wayi gari ina neman rigarsa in sansana.

'Yan mata masu manema biyu ma ke suke kawo wa ruɗaninsu. Ba ki taɓa zaɓar wa kowa ba, sai dai ki ce ta bar wata ya zagayo sau uku, ta ga wanda take so a kowane mako. Mazan ma ba ki ƙyale su ba, kina ce musu su ma jininsu ba tsaye yake ba.

Inna, tsoro nake ji. Cikin wata biyu gare ni, kuma warin ya dawo. Da za mu zo gaisuwarki na toshe hanci da mayafi a bayan babur ɗinsa, ya hango ni ta madubi. Yayansa Ɗanmusa ya riga ya aika garin Zugu a kira mai karya sammu.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba Yusufu da Husaina da sauran 'ya'yanki haƙurin wannan rashi.

Gobe za a tara dangi a zaure. Zan faɗa musu abin da kika koya mini, ni kaɗai, da bakin da ba shi da furfura. In ba su yarda ba, igiyar da ta rage za ta tsinke, babu sauran kome gare ni.