Yaya Lawali da Cututtukansa Masu Hula

Ku da kuka san yayana Lawali kun san aljihunsa ba ya rabo da gawayi. Bango fari kuwa, kai, sai dai kada ya gani!

Lokacin yana wanke ciwo a asibitin Tanut, bayan samun 'yancin kai kaɗan, sau biyu yana faɗuwa jarrabawar zama anfirmiye, wato ma'aikacin jinya. Saura dama ɗaya. Ya ce mini, "Hadiza, kaina ba ya cin rubutun Nasara. Amma mutum, in na gan shi, na riƙe."

Sai ya shiga zana cututtuka, kowace da fuskar wani namu. Masassara ita ce Inna Zuwaira ta Gangara: da damina take zuwa, ta yi sallama, jibi sai ga ta ta dawo. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah!" Ya ce, "To ƙarya na yi mata?"

Sanƙarau kuwa fuskar Kawu Brah ya sa masa, don ba ya juya wuya ya amsa gaisuwa, ga shi da bazara yake sauka gidanmu. Ran nan Kawu ya shigo zaure, ya tsaya ƙiƙam gaban bango.

"Wane ne wannan mai wuyan icce?"

"Cuta ce, Kawu."

"Cuta da hulata?"

Yaya ya ce, "Ara ta yi." Wallahi wata biyu Kawu bai ci tuwonmu ba!

A Damagaram, ranar jarrabawar baki, likita Bature ya tambaye shi kurkunu. Faransancin ya gudu, gumi ya zubo. Sai ya roƙi alli. Ya zana wani dogo siriri bakin tabki, wanda in an gayyace shi bana sai baɗi ya iso, in an ja shi da gaggawa ya tsinke. Yana zane, magana tana dawowa, har ya kawo komai. Likita ya yi dariya ya ce, "To ni, wace cuta za ka ba ni?"

Yaya ya ce, "Likita, sai sakamako ya fito."

Ya ci. Aka tura shi Tarka, ya yi ta bin rugage a kan raƙumi yana allura.

Ranar da ya rasu, Buzaye da Fulanin da ba mu taɓa gani ba suka cika ƙofar gida, kowa da ɗan da ya ce Yaya ne ya yi masa magani. Allah ya ji ƙanka, Yaya. Allah ya sanyaya makwanci.