Ƙafar Yayana da Munduwar Inna

Mun tashi da asuba daga Tudun Wadar Sakkwato, ni da yayana. Tela ne, wata bakwai ke nan gyambo na cin ƙafarsa ta dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Fijo muka shiga zuwa Zariya, aka bar masa gaba shi kaɗai don ya miƙe ƙafar. Direba ya sauke gilashi saboda warin gyambon.

Kwalta sabuwa ce fil har Talatar Mafara, sai dai manyan motocin siminti sun hana mu sakat. Shingen soja kuwa na gaji da ƙirgawa. Duk sojan da ya leƙo ya shaƙi warin, da kansa yake ɗaga mana hannu mu wuce, iyakar ribar da gyambon ya yi mana ke nan. A Gusau muka ci tuwo, miya tsararo, kuɗi ya ninka na bara, wai arzikin mai ne ya zo.

Muka isa asibitin Zariya bayan la'asar, ƙugu kamar ba nawa ba. Washegari likita ya kwance tsumman, ya ga naman ya yi kore, ya tambayi abin da ake zubawa. Na faɗi gaskiya. Ni maƙeri ne, na ji a rediyo masana sun gano jan ƙarfe na haɗa fata, sai Inna ta cire munduwarta ta jan ƙarfe ta ba ni, na riƙa goge ta da magagari ina barbaɗa masa garin kullum.

Likitan bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce akwai wani ɗan sinadari a jinin mutum da ke kama jan ƙarfe kaɗan ƙwarai, ya kai shi inda sabon nama ke tsirowa, amma har yanzu bincike ake, ba magani ba ne. Garina kuwa ƙone naman ya yi, ciwon ya kai ƙashi. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Mako biyar muka yi. A hanyar dawowa, da muka shigo Sakkwato, yayana ya ce, "Kak ka gaya ma Inna. Munduwa tata ta, ba ta iya ɗauka."

Tafiyar nan ta koya min tsoron rabin magana, ko daga bakin masana ta fito. Wallahi na gaji, ba gajiyar mota kaɗai ba.

Inna ta tare mu a zaure, ta daɗe tana kallon sandunansa. Can ta tambaye ni ko garin ya ɗan rage masa zafi kafin a yanke. Na ce ya rage.