Gurbin da na bari a taken mahaifina

Shekarun baya, lokacin da kuɗin fetur ya sa gwamnati ke ta shirya finafinan majigi, ina aiki a Kaduna wajen haɗa musu kiɗa. A wurin 'yan badujala na koyi rubuta sauti a kan layuka biyar, ina raba wa kowane mabushi nasa. Ni ɗan manomi daga Yankara, har da ɗaura lakataye.

Aka kawo fim kan takin zamani, maigidana ya ce in nemo kiɗan da manoma za su ji nasu ne. Sai na tuna taken mahaifina, wanda bai daɗe da rasuwa ba. A wajen gayya kowane gwanin noma yana da takensa. Makaɗi zai buga, ya ɗan tsaya, mai taken ya ɗaga garma ya amsa da kirari. Na rubuta taken mahaifina, na ba masu ƙaho abin da ganga ke faɗa, wurin amsawar kuma na sa alamar shiru.

Da aka gwada, maigidana ya ɓata rai.

"Wannan ramin fa? Za a ce na'ura ta lalace. Cike shi, ko in ba wani aikin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wurin yana da mai shi."

Ya dube ni. Ban san me ya gani ba, ya ce in bar shi haka, amma in aka yi dariya, ni da aikin mun rabu.

Ranar da motar majigi ta iso Yankara, ina tsaye gefe. Ƙahonni suka ɗauko taken, dattawa suka bar hira. Da aka zo gurbin, babu wanda ya yi ko tari. Kowa ya san muryar da ta kamata ta fito.

Mahaifiyata daga bayan danga ta saurara. Da safe na je gaishe ta, ba ta ɗago ba.

"Ɗan nan, kai ka yi kiɗin jiya?"

"Ni ne, Inna."

"Na ji ka bar ma Malam wurinshi. Allah shi yi maka albarka."

Na haɗa kiɗa da yawa bayan wannan, yawanci na manta su. Amma har yau in na zo rubuta alamar shiru, sai hannuna ya tsaya in yi wa mahaifina addu'a.