Marlys Hovland da Kwalaben Nono Ɗari da Ashirin

Ƙarfe bakwai saura kwata, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, za ka ji ƙarar takalman Marlys Hovland a matakalar baya. Ba ta hawa sama wajen masu ofis. Ƙasa take sauka, ɗan ɗakin nan da ke jikin firizoji, ta rataye rigar sanyinta a ƙusa, ta zuba kofi a murfin filas, ta zauna gaban kwamfuta. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana kula da kwamfutocin asibitinmu, goma sha ɗaya daga ciki a ma'ajiyar nonon uwa. Ranar Juma'a za ta ajiye aiki. Ina da albishir a bakina, yana ta cizona, amma ku yi haƙuri, sai na fara da ita.

Ni Kayleen ce, mai wankin kwalabe a ma'ajiyar. Aji goma sha ɗaya na bar makaranta, saboda haka in na karkace a bayani, ku gyara da kanku. Aikin gidan dai shi ne: uwayen da nono ya yi musu yawa su kawo, a ɗumama shi a na'ura rabin awa don ƙwayoyin cuta su mutu, a kai ɗan kaɗan ɗakin gwaji, a jira kwana biyu, sannan a ba jariran da aka haifa bakwaini. Duk abin nan manhajar Marlys ce ke rubuta shi. Ita ke shaida cewa zafi ya kai kuma bai sauka ba. In babu shaidarta, ko nonon ya fi zuma kyau, a kwata za a zubar. Doka ce, kuma ba a karɓar rubutun hannu.

Charlene, shugabar ɗakin dahuwa, ta ce akwai shekarar da hanya ta toshe, Marlys ta tako mil uku a ƙafa saboda injin buga lamba ya ƙi aiki. Nas-nas na sama kuwa ba su ma san fuskarta ba. "Matar ƙasa" suke ce mata.

Wata rana ina goge mata tebur na ce, "Marlys, wai ke da kwamfutar nan da wane yare kuke hira?"

Ta ce, "Ai ba ta jin nawa, 'yar nan. Abin da na rubuta, ana fara juya shi zuwa wani yare na tsakiya. To akwai mai masauki a cikin injin. Manhajata baƙuwa ce a gidansa. Shi ke fassara wa injin maganarta daidai lokacin da ake buƙata, shi ke ba ta wurin ajiye kaya, shi ke hana ta leƙa ɗakin da ba nata ba. Har rumbun kayan aiki gare shi, ba sai na ƙera cokali ba kafin in ci abinci."

"Lallai kin samu gida."

"Har da mai shara. Kin san cin abincin coci, in an watse? Kwanon da ba kowa a kansa, Inna Gudrun mai gyaran wurin ta kwashe. Wanda aka manna wa suna a gindi kuwa, ba ta taɓawa, ko zai shekara a kan tebur. Haka mai sharar nan yake yi da kayan da manhaja ta gama amfani da su. A da, mu muke kwashe kwanukanmu da hannu, ka manta ɗaya ka shiga uku. Yanzu mun samu hutu."

Na yi dariya na wuce. Ban san zancen nan zai zo har kan 'yata ba.

A watan Janairu 'yata Odessa ta zo, saura wata biyu da rabi lokacinta. Da ka gan ta a akwatin gilashi sai ka ce ɗan tsako ne aka fige. Ni kuma nono ya ƙi zuwa. Na matsa, na sha duk abin da aka ce a sha, ɗigo biyu uku. Likita ya ce hanjinta bai yi ƙwarin da zai ɗauki madarar gwangwani ba, in aka ba ta yana iya ruɓewa. Sai nonon ma'ajiya. Ita da wasu jarirai huɗu.

Ran Lahadi aka yi dusar ƙanƙarar da ta rufe babbar hanya, motar da ke kawo mana agaji daga kudu ta maƙale. Charlene ta ƙirga abin da ya rage mai shaida a firiza: zai kai Alhamis da azahar, daga nan babu. Ɗanyen nono kuwa zubi biyu ne. Ran Litinin aka ɗora na farko. Ana tsakiyar dahuwa, allon kwamfuta ya daskare, ya yi fari, manhaja ta mutu. Shaida ta tafi. Charlene da hannunta ta tsiyaye kwalba ɗari da ashirin a kwata, tana yi tana zagin bango.

Saura zubi ɗaya. In ba a dafa shi ran Talata ba, sakamakon gwaji ba zai fito kafin Alhamis ba.

Talata da safe na sauko daga ɗakin jarirai da silifas ɗin asibiti a ƙafata. Na tarar da su uku a ɗakin Marlys: ita, Charlene, da Duane manajanmu, yana ta kai da kawo.

Duane ya ce, "A kashe ta a kunna mana! Ba haka kuke yi duk Litinin ba?"

Gaskiyarsa, al'adar gidan ke nan. Manhajar takan yi nauyi in mako ya yi nisa, sai a kashe a kunna ran Litinin, ta dawo garau. Shekara da shekaru ba wanda ya tambayi dalili.

Charlene ta ce, "Jiya ma an kashe an kunna, ranka ya daɗe. Minti arba'in ta yi ta faɗi. Aikin kuma daga ɗumamawa zuwa hucewa ya fi awa. Ko kai za ka shiga cikin na'urar ka riƙe mata numfashi?"

"To injin ne ya tsufa. Ko sabon ma'aunin zafin nan da aka sa makon jiya, shi ne mugun. A kira kamfanin da ya kawo shi, su za su ɗauki laifi."

Marlys na gaban allo. Gilashinta na kan hanci, tana bin rubutu layi-layi da yatsa. Kofinta ya huce. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa, ina kallon agogo. Tara ta wuce. Goma ta wuce. Ɗakin gwaji ƙarfe uku suke rufe karɓa.

Can sai ta cire gilashin ta ajiye.

"Ba injin ba ne, Duane. Ba kamfanin ba ne. Ni ce."

"Ke kamar yaya?"

"Duk kwalbar da aka duba, manhaja na buɗe mata taga a kan allo. Tagar sai ta rubuta sunanta a wajen ma'aunin zafi: in zafi ya canja, a gaya mini. In an rufe tagar, ya kamata ta goge sunan. Ban sa ta goge ba. Mai shara ya zo ya ga suna a gindin kwano, ya wuce. Tagogin da muka ɗauka sun mutu suna nan a ɓoye, kowace tana ta tara labarin zafi. Tsohon ma'auni sau ɗaya yake magana a minti, shi ya sa muke kai mako. Sabon nan sau sittin. Gida ya cika, mai masauki ya rasa inda zai sa ƙafa."

Duane ya ce, "Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya. Ni na rubuta shi da hannuna. Na ga an ba ni mai shara, na saki jiki."

Jama'a, saura 'yan makonni matar nan ta yi ritaya. Da ta ce ma'aunin ne, wa zai ƙaryata ta? Duk ginin nan babu mai iya karanta abin da ke allon nan sai ita. Duane ma da kansa ya rage murya ya ce, "Ba sai mun rubuta haka a rahoto ba, Marlys."

Ta ce, "Haka za a rubuta. Wanda zai gaje ni ya san inda ramin yake."

Gyaran layi ɗaya ne. Kafin in haɗiye yawu ta gama. Na ce, "To a ɗora mana! Don Allah a ɗora!"

"A'a."

"Marlys, sha ɗaya ta wuce fa!"

"Na yarda da kaina sau ɗaya, an zubar da kwalba ɗari da ashirin. Ba na ɗora nonon ƙarshe a kan gyaran da ban gwada ba. Zo ki zauna nan, 'yar nan, hannunki ya fi nawa sauri. Buɗe taga, rufe. Buɗe, rufe. Sau ɗari uku."

Wallahi a lokacin na ji haushinta. 'Yata na sama da bututu a hanci, tsohuwa ta sa ni wasan buɗe-rufe. Amma na zauna. Ta jona ma'aunin a tukunyar ruwan zafi, ta nuna mini wata lamba a gefen allo. "Wannan ita ce yawan kayan da ke gidan. In mai shara ya zo, za ta faɗo. In ba ta faɗo ba, ban gano ciwon ba."

Na fara. Lamba na hawa. Hamsin, tana hawa. Ɗari, tana hawa. Ina ta dannawa.

Na ce, "Ba ta sauka fa."

"Ci gaba."

"Ki kira shi mana! Ba yaronki ba ne?"

"Ana iya kiransa. Amma anjima da nono a wuta ba mai kiransa, don haka ina so in ga ya zo da ƙafarsa. Ba ya zuwa sai ya ga wuri ya fara matsewa."

Charlene ta ce, "Kamar mijina ke nan, sai kwanuka sun kai rufi."

Ba wanda ya yi dariya sai Duane, shi ma ya haɗiye ta. Na saci kallon Marlys. Fuskarta shiru, amma ta damƙe gefen tebur har yatsunta sun yi fari. A nan na gane ita ma tsoro take ji, sai nawa ya ninka.

Ɗari da tamanin da shida. Ban manta ba. Ina dannawa, lambar nan ta rikito ƙasa kamar an sare ta. Na yi ihu. Marlys ta ce, "Saura ɗari da goma sha huɗu. Sau ɗaya sa'a ce." Na ƙarasa. Lambar ta hau ta faɗo, ta hau ta faɗo, har sau uku. Sannan ta sa Charlene ta karanta layin da ta gyara da babbar murya, wai ido biyu ba ya isa, ko da na biyun bai san karatun ba.

Sha biyu da rabi aka ɗora zubin ƙarshe. Awa ɗaya da minti goma muna tsaye a kan allon nan, ba mai zuwa ko bayan gida. Da aka kai minti arba'in, inda ta mutu jiya, na rufe ido na kama rigar Charlene. Da na buɗe, layin zafi na nan yana tafiya abinsa. Biyu saura minti ashirin Duane ya ruga da samfur ɗakin gwaji, babu ko hula a kansa.

Kwana biyun jiran nan kada Allah ya maimaita mini. Alhamis da hantsi nas ta ɗumama kwalba ta biyun ƙarshe a gabana. Sha ɗaya da kwata waya ta yi ƙara a ƙasa: nono lafiya lau. Marlys da kanta ta manna lambar farko, ta hau matakala da kwalbar a hannu. A ranar ne nas-nas suka fara ganin matar ƙasa. Ta tsaya jikin gilashi ta daɗe tana kallon Odessa, ta ce, "Ashe ke ce mai ba ni aiki."

Marlys, ke ce ginshiƙin da ba a gani, sai dai a ga rufi a tsaye. Ke ce kika ce "ni ce" a ranar da shiru zai fi miki sauƙi. Ke ce kika hana ni gaggawa ina kuka, kika bar ni na ji haushinki, don kin san abin da ke cikin tukunyar ya fi fushina tsada. Na gode. Travis mijina ya gode, shi bai iya dogon zance ba, ya ce zai riƙa kwashe miki ƙanƙarar ƙofar gida har ƙarshen sanyi. Uwayen sauran jarirai huɗun ba su san sunanki ba, yau na faɗa musu.

Ku kuma masu aikin da ba a gani, masu zama a ɗakunan ƙasa, ku yi koyi da ita. Abin da kuka saba kashewa ku kunna duk mako, ku tsaya ku tambayi dalilinsa tun ba a ɗora ran wani a kai ba. In kuskuren naku ne, ku faɗa da bakinku. Uwaye masu nono da yawa, ƙofarmu a buɗe take, kwalabe kuma ni na wanke su.

To ga albishir ɗin. Jiya da rana aka sallame mu! Odessa ta kai laba biyar da rabi, tana tsotsa da bakinta, tana kuka har maƙwabta na ji. Yanzu haka da hannu ɗaya nake rubutun nan, tana kafaɗata, kuma ta yi mini tumbuɗi a wuya. Bari in je in goge.