Hannun Yaya Garba a Allon Zoɓo

Wata Asabar ce cikin kakar shekarar 2003, an gama yankan gero ana ta ɗaurin dammuna, Baba ya ɗora ni a bayan kekensa muka nufi bakin tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda. Ina aji huɗu a lokacin, ga ni da bakin tsiya, ba na ganin abu in yi shiru. Wurin wani tsoho za mu, Malam Isa Mai Fenti, wanda ke rubuta wa masu shaguna allo. Rumfarsa ta kwano ce, cike da gwangwanayen fenti da warin kananzir, ya jingina wani babban katako da ya jera salon rubutu iri-iri a kai, kowa ya zo ya nuna wanda yake so. Akwai dogaye masu tsayuwar soja irin na kemis, akwai masu lanƙwasa kamar ajami waɗanda teloli ke so. Baba, da yake malamin firamare ne, ya nuna masu tsayuwar sojan nan take. Ni kuwa idona ya faɗa kan layin ƙarshe, can ƙasa kusa da turɓaya, sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane dalili. A bazarar shekarar nan sanƙarau ya ɗauke wana, Yaya Garba, ɗan farin gidanmu. Bahago ne, kuma Allah Ya yi shi da ƙaiƙayin hannu. Ba bangon da ya bari a gidanmu, daga zaure har jikin rumbu, duk ya bi su da gawayi. Idan aka aike mu ɗibar ruwa, ni ce mai tulu, shi yana tsugune yana zane a yashi da tsinke. Idan yara suna langa a ƙofar gida, shi yana gefe yana rubuta sunayen waɗanda aka kayar. Haruffansa duk baya suke jingina kamar mutum ya ƙoshi ya kishingiɗa. Yakan ɗiga wa O idanu biyu, ya yi wa K wutsiya irin ta ɓera, Y kuwa ya ɗaga mata ƙafa kamar mai rawa. Ya sha bulala a makaranta kan wannan, bai daina ba.

Inna, mahaifiyarmu, Bafulatanar Moriki ce, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Wannan yaron" take cewa, ko "yayanki". Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Da ya rasu, mata suka cika tsakar gida suna kuka, ita ko hawaye ɗaya ba ta bari an gani ba, aka yi ta cewa kai, wannan mata da dauriya take. Bayan an watse zaman makoki ta kwaɓa ƙasa da hannunta ta shafe duk bangon da ya yi wa rubutu. Daga nan sai ta fara ƙarewa a gabanmu. Tana surfe, tana ba awaki dusa, tana tuƙa tuwo, amma loma biyu take yi ta ture kwano, magana kuwa sai dole. Zanenta ya koma zagaye ta har ya yi rara. Wallahi tsoro nake ji, don na san idan aka ci gaba a haka za mu rasa ta ita ma. Shi ya sa Baba ya sayo tsohon firji daga kasuwar Shinkafi, ya ce ta riƙa yin zoɓo da kunun aya, ko hayaniyar yara masu saye za ta dawo da ita cikin mutane. Allon wannan sana'a muka je rubutawa.

To, layin ƙarshen nan na jikin katakon Malam Isa, hannun Yaya Garba ne. Ba kama ba ce, shi ne. Ga jinginar, ga idanun O, ga wutsiyar ɓeran. Na kama rigar Baba na nuna masa. Ya sunkuya ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata ta iya zaɓe. Wanga rubutu na yara ne, shi ka jawo su. Wani yaro bahago ya koya mini shi, shina zuwa fakewar ruwa nan rumfata, shi yi ta zane a ƙasa bai cewa komi." Baba ya tambaye shi yaushe ke nan. Ya ce, "Duk daminar ga. Ko makon jiya na gane shi tsugune can." Ya nuna gindin wata bedi da burushinsa. Rana tsaka ce, tasha cike da masu rake da 'yan dako, amma ni sanyi na ji har cikin ƙashi. Na dubi gindin bediyar, ba kowa sai wata akuya kwance. An binne Yaya Garba tun kafin ruwan farko ya sauka.

Baba ya yi salati a hankali, ya ce tsufa ne, tsoho yakan haɗa bara da bana, kuma bahagwai ba su ƙare a gari ba. Ya sake nuna masu tsayuwar soja, ya ce Inna ba za ta iya kallon wancan kullum a ƙofar gidanta ba, ita da ta shafe bango. Nan fa na zube a ƙasa na fasa kuka, na ce ni dai wancan, ko a fasa allon. Ban san abin da ya shiga kaina ba, ban taɓa yi wa Baba musu ba sai ranar. Ya dube ni, ya dubi katakon, ya ce wa tsohon ya rubuta da salon da na zaɓa.

Da aka kawo allon, hantsi ne, Inna tana bakin murhu tana tace zoɓo. Baba ya jingina shi a jikin rumbu, ya ja gefe. Shuɗin allo ne da rawayen rubutu, ZOƁO DA KUNUN AYA MAI SANYI, duk haruffan sun kishingiɗa suna kallonta da idanunsu. Inna ba ta yi boko ba, ba ta iya karanta ko harafi ɗaya, amma ta san hannun ɗanta. Matacin ya suɓuce mata, zoɓo ya malale a ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, na kashe uwata. Ta taso a hankali ta durƙusa gaban allon, ta sa yatsa ta bi wutsiyar K, fentin bai gama bushewa ba har ya kama mata yatsa. Sai na ji ta ce, "Garba." A gaban Baba, a gabana, a gaban maƙwabciyarmu da ta shigo aron turmi. Ta sake faɗa, sannan ta yi kukan da ta riƙe tun bazara, kuka mai ƙarfi har awaki suka firgita. Da azahar ta cinye kwanon tuwo tas, ta ce in ƙaro miya.

Allon ya yi shekaru a ƙofar gidanmu, yaran unguwa suna ce mana gidan rubutu mai ido. Ban taɓa yarda in wuce gindin bediyar nan ni kaɗai ba, kuma ba wanda ya sake tambayar Malam Isa komai har ya rasu. Baba ya tsaya kan maganar tsufa. Inna kuwa, idan aka tayar da zancen, cewa take yi, "Allah ne Masani," ta ci gaba da aikinta, kuma tun daga ranar ba ta sake ɓoye sunansa ba.

Yanzu ina Gusau ina sana'ar cincin da kek. Inna ta rasu, hanyar garinsu Moriki ma sai da addu'a ake bin ta saboda 'yan bindiga. Kwanan baya na so a buga mini takardar mannawa a jikin robobi, 'yata ta miƙo mini waya ta ce in zaɓi salon rubutu. Na yi ta ja da yatsa, masu ƙiba, masu tsalle, masu lanƙwasa, ba iyaka, kowanne tsaf kamar an goge shi. Ta gaji ta ce, "Mama, wai me kike nema ne?" Na ce ba komai, na miƙa mata wayar. Duk cikinsu babu wanda ya jingina baya ya dube ni.