Malam Abdulrauf da Mai Gadin Surukin Shugaba

Duk wanda ya saba bin titin kasuwar Dutse da sassafe ya san wani gajeren mutum mai furfura a gefen kunne, da yake saukowa daga adaidaita sahu rungume da jakar kwamfuta kamar an ba shi riƙon jinjiri. Malam Abdulrauf ke nan. Zai tsaya wajen mai ƙosai, ya wuce ɗan shagonsa da ke tsakanin tela da mai cajin waya, ya share, ya zauna. Kafin kokonsa ya huce waya ta fara ruri.

Aikinsa shi ne kula da shafukan intanet na ƙananan ƙungiyoyi da makarantu da shaguna, daga Dutse har Jahun da Garki. Ba fuskar shafin da kowa ke gani ba, a'a, can cikin gidan, inda ake shiga da kalmar sirri a rubuta sanarwa, a ɗora hoto, a danna maɓallin wallafawa. Muddin shafi yana aiki, na masu shi ne, babu mai tuna Malam Abdulrauf. Ranar da ya ƙi kuwa, sai ka ji an bugo ko sallama ba a ƙarasa ba: "Malam, shafin nan naka ya lalace!"

Shi kuma, bawan Allah, ba ya musu. Tambaya ɗaya yake yi: "Me aka saka wa kwamfutar kwanan nan?" Amsar ma ɗaya ce daga Dutse har Garki: "Wallahi ba mu taɓa komai ba."

Shekaru sun koya masa cewa sau da yawa shafin lafiyarsa ƙalau. Ɓarnar tana zuwa ne daga wasu 'yan ƙananan manhajoji da mutane ke maƙala wa burauza, wato manhajar da ake buɗe intanet da ita. Masu sana'ar suna ce musu ekstenshan, shi kuwa 'yan haya yake kiransu, don a cewarsa da ɗaki ɗaya suke shigowa, kafin ka farga sun fara sauya wa mai gida wurin kwana. Maganinsa ba ya canzawa. Zai buɗe taga ta sirri wadda 'yan hayar ba sa shiga, ya gwada shafin a ciki. In ya yi aiki, to mai laifin yana cikin burauza. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kashewa yana gwadawa, har ya cafke shi.

Ku tambayi Haisam mai kemis a Jahun. Ya saka wata manhaja da ke cike wa mutum gurabe da kanta don ta rage masa wahalar rubutu. Ta kuwa rage masa. Duk maganin da ya ɗora a shafinsa sai ta goge sunan ta sa na matarsa. Maganin tari ya koma Radiyya, na ciwon kai Radiyya, har na basir ma Radiyya. Ƙawayenta ne suka fara gani. Malam Abdulrauf ya shiga motar Jahun ya je ya cire manhajar, ya gyara sunayen, sannan ya raka Haisam har ƙofar gida ya yi shaida cewa ba da gangan ba ne.

Amma aikin da ya sa aka ɗauki alƙalami yau shi ne na Safina.

Safina ita ce sakatariyar wata ƙungiyar manoman dabino a gefen Dutse. Ita take ɗora sanarwar ranar da manyan masu saye za su zo da motocinsu, manoma su gani a waya su fito da kayansu. In sanarwa ba ta fita ba, sai dillalai su bi ƙauyuka su kwashe dabinon yadda suka ga dama. To, ana tsakiyar kaka sai akwatin rubuta sanarwa ya ɓace daga kwamfutar ofis, da shi da maɓallinsa. Ta kashe ta kunna, ta sake kashewa ta kunna, babu shi babu alamarsa. Motoci suka zo suka koma rabi fanko.

Kai, bakin mutane! Kafin ka ce kwabo magana ta zagaye gari cewa dillalai sun saye Safina. Yahuza, wani ɗan kwamiti da muryarsa ke riga shi shiga ɗaki, ya ce shi dama tun farko bai yarda da ita ba. Maganar ta kai kunnen mahaifinta a masallaci, har kunya ta sa ya bar sahun gaba ya koma can baya. Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko, kwamiti zai zauna ya sallame ta.

Da kuka ta bugo wa Malam Abdulrauf. Ya zo, ya buɗe tagarsa ta sirri, sai ga akwati ga maɓalli, ras, kamar ba su taɓa zuwa ko'ina ba. Nan take ya sa ta ɗora sanarwar zuwan motoci na gaba. Sannan ya shiga bin 'yan haya. Na duba yanayi, ba shi ba ne. Na sakamakon ƙwallo, wanda kowa a ofishin ya rantse bai san wanda ya saka ba, shi ma ba shi ba ne. Da ya iso kan wani mai jan tambari, mai toshe tallace-tallace, ya kashe shi na ɗan lokaci, sai akwatin ya dawo. Ashe manhajar ce ta ɗauki akwatin sanarwar ƙungiya a matsayin talla, ta rufe shi ruf.

"An kama shi," in ji Malam Abdulrauf. "Bari mu gaya masa ya bar shafinku ya sarara."

Sai ga hannu a kafaɗarsa. Alhaji Sale ne, shugaban ƙungiyar, dattijo mai jiki da kwarjini, amma fuskarsa ta jiƙe da gumi.

"Malam, don girman Allah mayar da shi yadda ka same shi. Kada ka taɓa wannan. Na Baba ne."

Baban nan ba mahaifinsa ba ne, surukinsa ne, mahaifin uwargidansa, Malam Aji, tsohon hedimasta daga Haɗeja wanda ya koyi kwamfuta bayan ya yi ritaya, ya kuma riƙe ta da gaske. Alhaji Sale ya ja Malam Abdulrauf gefe ya ba shi labari cikin raɗa. Wata rana a cikin kakar nan yana nuna wa Baba farashin dabino a wannan kwamfutar, sai wani talla ya faɗo tsakiyar allo: wata mata, ba isasshen mayafi, tana tallan man bilicin tana kashe ido. Alhaji ya danna don ya rufe, hoton ya ƙara girma. Ya sake dannawa, ta fara magana. Ƙarshe da hularsa ya rufe allon, ya fice bai nemi takalmi ba. Sati na zagayowa Baba ya dawo, ya zauna, ya saka wannan manhaja da hannunsa, ya ce, "Wannan zai tsare muku ido." Tun daga nan duk Juma'ar da ya shigo Dutse sai ya biyo ya duba ko jan tambarin yana nan.

"In ka taɓa shi launinsa zai canza, Baba zai gani," in ji Alhaji Sale. "Me zan ce masa? In ce kewar matar nan nake yi?"

"Ranka ya daɗe, to ita Safina fa? Ai sai a gaya wa kwamiti abin da ya faru."

"In ce kayan surukina ne suka jawo mana asara? A gaban Yahuza? Haba Malam!" Ya share gumi. "Ka bari kawai. Zan nema mata wani aikin a wani wuri, a hankali."

Safina tana jin su. Ta fara tattara 'yan kayanta a leda.

A nan ne fa, Malam, ka zama abin da muke yi wa jinjina. Kai ne ka san gyaran bai fi danna yatsa ɗaya ba, ka kuma san in ka danna a ɓoye shafi zai warke amma sunan yarinyar nan ba zai warke ba. Kai ne ka ce mata, "Ajiye ledar nan, 'yata, ba yau ba." Ka mayar da manhajar yadda take, ka yi sallama, ranka a ɓace, ka ce za ka dawo Juma'a.

Ranar Juma'a kwamiti ya cika ofis. Yahuza ya gyara murya zai fara, Malam Abdulrauf ya roƙi alfarma a bar shi ya nuna wani abu tukuna. Ya ce Yahuza ya zauna a kujerar Safina ya ɗora sanarwa da kansa. Yahuza ya zauna da ƙarfinsa, ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ina akwatin yake?"

"Shi muke tambayarka, Malam Yahuza. Ko kai ma dillalan sun biyo ta wajenka ne?"

Ɗakin ya kwashe da dariya, ban da Alhaji Sale, wanda idonsa ke kan ƙofa. Ai kuwa sai ga sallamar Malam Aji, da sandarsa da farar babbar riga. Shugaba guda, mai jikoki, ya zame daga kujera ya durƙusa, kansa a ƙasa. Baba ya amsa gaisuwa, ya nufi kwamfuta kai tsaye don duba jan tambarinsa.

Malam Abdulrauf ya durƙusa shi ma ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, dama ku nake jira. Wannan mai gadin da kuka ɗauko mana, ban taɓa ganin mai ƙwazo irinsa ba. Tun zuwansa ko ƙyallin hoton banza bai shigo ofishin nan ba."

Baba ya gyaɗa kai, ya ɗan saci kallon surukinsa.

"Sai dai abu ɗaya, Baba. Ba a gabatar masa da 'yan gida ba. Ya ga akwatin sanarwarmu ya zaci talla ne, ya hana shi shiga. Ni kuma na ga bai dace in ba shi umarni ba alhali wanda ya ɗauke shi aiki yana nan."

"Ikon Allah!" in ji Baba. Ya karɓi kujera daga Yahuza, ya sa tabarau. Malam Abdulrauf ya nuna masa wurin da ake ware shafi ɗaya a ce ban da wannan, sauran duniya kuwa a ci gaba da tsarewa. Baba ya danna da yatsansa. Akwati ya bayyana, maɓalli ya bayyana. Dattijon ya yi murmushi har haƙoransa na goro suka fito, ya ce dama ya san manhajar tana da biyayya.

Da an tsaya nan, da kowa ya tashi da fara'a, Safina kuma ta ci gaba da yawo da tabon da aka goga mata. Malam Abdulrauf bai tashi daga durƙuson ba.

"Baba, saura magana ɗaya, ku gafarce ni. Saboda ɓacewar akwatin nan aka ce yarinyar can ta ci amana. Taron da kuka tarar, na sallamarta ne."

Murmushin ya ɗauke. Baba ya dubi Safina da ke raɓe a jikin bango, ya juyo.

"Sale."

Rabon da a ji wani ya kira sunan nan gatsau a Dutse har an manta.

"Na'am, Baba."

"Ka san abin da ya rufe akwatin nan kafin yau?"

Alhaji Sale ya ƙara sunkuyar da kai.

"Na sani, Baba."

"Wato kunyata ce ta sa za ka kori 'yar mutane da sunan ɓarauniya? Ni ka ji kunyata, ubanta ba ka ji kunyarsa ba?" Ya buga sandarsa a ƙasa. "Tashi ka ba ta haƙuri. Kai ma mai babbar muryar nan, tashi. In kun gama ku ɗauko mota, gidan ubanta za mu, ni zan shiga gaba, tunda da hannuna na saka abin."

Haka aka yi. Unguwar su Safina ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: tsohon hedimasta a gaba, shugaba a tsakiya, Yahuza a baya yana magana ƙasa-ƙasa karon farko a rayuwarsa. Malam Abdulrauf bai bi su ba. Ya tare adaidaita sahu ya koma shago, don wata makaranta a Garki ta bugo tana cewa shafinsa ya lalace.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon ya koma Jahun, ido ya gaji da allo, gona tana kira. Malam, mun gode. Kai ne mai haƙuri da masu rantsuwa, mai bin laifi har inda ya ɓuya ba tare da ka tozarta wanda ya kawo shi ba. Allah ya saka da alheri, ya ba da damina mai albarka, ya sa wayarka ta huta.

Ku kuma da za ku gaje shi, da ku masu ofisoshi, ku ɗauki ɗabi'arsa. In shafi ya ƙi, ku gwada shi a taga mai tsabta, ku bi abin da kuka maƙala wa burauzarku ɗaya bayan ɗaya, kafin ku ɗora wa wanda ke zaune a kujerar laifi. In kuma kun gano gaskiya, ku faɗe ta a gaban waɗanda suka ji ƙaryar.

Safina tana nan a kujerarta. Da aka ce mata ana rubutu a kan Malam Abdulrauf, ko tana da abin da za a ƙara, sai idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce, "Ku rubuta cewa babana ya koma sahun gaba a masallaci."